Tagogi masu gilashi biyu: waɗanda suka canja nasu a Ingila, me kuka gani?

Baban Sadik, Manchesta

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mun sayi gida irin tsofaffin nan na jan bulo da ke manne da juna a jere. Tagogin gaba na katako ne masu gilashi ɗaya, waɗanda ake turawa sama. Na baya an taɓa canja su zuwa na roba masu gilashi biyu, amma biyu daga ciki sun yi hazo a tsakiya, ko an goge ciki da waje ba ya fita. Hunturun da ya wuce yara sun sha sanyi a ɗakin gaba, kuɗin gas kuma ba a magana. Masu kamfani sun zo sun auna. Wannan ya ce roba uPVC, wancan ya ce alminiyam, wani ya ce in ba gilashi uku ba asarar kuɗi zan yi. Don Allah wanda ya yi aikin nan a gidansa ya faɗa mini abin da ya gani da idonsa.

Maman Hanifa, Birmingham

Wa alaikumus salam. Baban Sadik, na bayan nan masu hazo kada ka bari a ce maka sai an cire tagar gaba ɗaya. Namu ma sun yi haka. Gilasan biyu a manne suke da wani siririn ƙarfe a gefe, an like su da danƙo, a cikin ƙarfen akwai ƙwayoyi masu shanye laima. In danƙon ya tsufa ya saki, iska mai danshi ta shiga, ƙwayoyin su cika, shi ne hazon da kake gani. In firam ɗin lafiyarsa ƙalau, gilashin kaɗai ake canjawa. Wani mai gyaran gilashi na unguwa ya zo ya auna mana, ya dawo da sababbi, ya ɓalle siraran robobin da ke riƙe da gilashin ya zura. Ko fentin bango bai taɓa ba. Kuɗin bai kai ko kusa da abin da babban kamfani ya nema ba. Ka duba ƙarfen nan na tsakiya, sau da yawa ana buga shekarar da aka yi gilashin a jikinsa.

Malam Injiniya, Leeds

Abin da Maman Hanifa ta faɗa haka yake. Ni aikina gini ne, kuma na canja na gidana, to bari in ɗan tsawaita.

Masu talla da firam suke fara maka magana saboda shi ido yake gani, amma mafi yawan faɗin taga gilashi ne. Abin da za ka fara tambaya shi ne lambar U, ma'aunin yawan ɗumin da ke tserewa ta taga. In lambar ta yi ƙasa, tagar ta fi riƙe ɗumi. Gilashi ɗaya irin na ɗakinka na gaba yana wajen 5 ko sama da haka. Tsohon gilashi biyu da ba a yi masa shafin mayar da ɗumi ba yana kusa da 3. Tun watan Yuni na 2022, dokar gini ta Ingila ta ce tagar da za a sa a madadin tsohuwa kada ta wuce 1.4, ko kuma ta samu aƙalla matsayin B a ma'aunin tanadin makamashi. Gilashi uku mai kyau yana sauka wajen 0.8. Ka nace a rubuta maka lambar tagar gaba ɗaya har da firam, don wasu ta tsakiyar gilashi kawai suke nunawa, ita kuwa kullum ta fi kyan gani a takarda.

Abin da ke sauko da lambar ba yawan gilashin ba ne kaɗai. Akwai wani shafi na ƙarfe siriri da ido ba ya gani, ana yin sa a fuskar gilashi ɗaya ta cikin ratar, yana mayar da ɗumi cikin ɗaki kamar yadda ƙyallin cikin filas ke riƙe zafin shayi. Sai iskar argon da ake cika ratar da ita maimakon iska ta yau da kullum. Ratar da aka fi yi milimita 16 ce ko 20, tsakanin gilasai biyu masu kaurin milimita 4. In ta wuce haka sosai ba ta ƙara komai, don iskar ciki sai ta fara juyawa tana ɗauko ɗumi daga wannan gilashi zuwa wancan. Sai kuma wannan ƙarfen gefe da aka ambata. Na da alminiyam ne, yana jan sanyi, shi ya sa ruwa ke taruwa a gindin gilashi da safe. Yanzu akwai wanda ake haɗawa da roba, ka ce shi kake so.

In kana son sanin ko an yi wa gilashi shafin, kunna ashana kusa da shi da dare. Za ka ga harshen wuta huɗu a ciki. In ɗaya ya bambanta launi da sauran, akwai shafi.

Gilashi uku kuwa, a tsohon gida mai bangon bulo da ba a sa masa abin tare sanyi ba, ni ban ga ya cancanci ƙarin kuɗin ba. Ɗumin ta bango da rufi zai gudu. Gara a sa ragowar kuɗin a shimfiɗa audugar tare sanyi a saman silin.

Hajiya Ummi, Bradford

Malam Injiniya ya bar abu ɗaya da ya fi damuna, shi ne iska. Da muka sa sababbin tagogi ɗaki ya yi ɗumi, alhamdu lillahi, amma kafin hunturu ya fita sai ga baƙar funfuna a kusurwar ɗakin yara da bayan wadrob. Tsofaffin tagogin da muke kuka da su, ta ɓarakarsu danshi yake fita. Mu kuma gidajenmu tukunya ba ta sauka daga kan wuta, ga shanya a kan hita, ga mutane da yawa a gida. Duk tururin nan sai ya rasa hanya ya kwanta a bango mafi sanyi. Sai da aka huda mana firam aka sa 'yan ƙananan kafofin iska na sama, muka kuma sa fanka mai zuƙe tururi a kicin da banɗaki, sannan abin ya lafa.

Tun 2022 doka ta ce a riƙa sa kafofin nan a yawancin tagogin da ake canjawa. Akwai masu aikin da za su ce maka suna ɓata kyan taga, a bar su. Kada ka yarda. Ba mu manta yaron nan ɗan shekara biyu da ya rasu a Rochdale a 2020 ba, bincike ya tabbatar funfunar gidansu ce ta yi sanadi. Gidan da ke da yara ba a wasa da wannan.

Ɗan Damagaram, Hamburg

Hajiya, Allah ya saka. A nan Jamus tagar da ta fi yawa ita ce mai buɗewa iri biyu: ka juya hannun gefe ta buɗe ciki kamar ƙofa, ka juya shi sama ta kishingiɗa daga sama kaɗai. Jamusawa sun fi yarda da a buɗe tagogi wangale na 'yan mintuna safe da yamma, iska ta ratsa gida, a rufe. Har a takardar haya wasu masu gida suna rubuta shi. Tun da na riƙe wannan ban ga funfuna a gidana ba. Amfanin tagar kuma, kana wanke bayan gilashi daga cikin ɗaki ko a hawa na nawa kake. Ana samunta a Ingila, sai dai tunda ciki take buɗewa, labule da tukwanen fure na bakin taga suna tare ta.

Baban Sadik, Manchesta

Na gode ƙwarai. Na duba ƙarfen tsakiya kamar yadda Maman Hanifa ta ce, na ga shekara, tagogin sun haura 20. To na gaba fa? Titinmu bas na bi, ƙara tana damunmu. Kuma uwargida ba ta son a cire na katakon, ta ce su ne kyan gidan.

Abu Fatima, Hounslow, Landan

Maganar ƙara ni za ka tambaya, jiragen Heathrow ta kanmu suke sauka. Gilashi biyu masu kauri iri ɗaya bai rage mana ƙara yadda muka zata ba, don dukansu a kan sauti ɗaya suke girgiza. Da muka canja na ɗakin kwana, mai aikin ya sa na waje mai kaurin milimita 6 da ɗoriya, irin wanda ake manna falle biyu da leda a tsakani, na ciki kuma 4. Bambancin a fili yake. Irin gilashin nan ko ɓarawo ya doke shi tsagewa yake, ba ya zubewa. Amma ƙara ta kowace 'yar kafa take shiga, in ba a like gefen firam da kyau ba kuɗin gilashin ya tafi a banza.

Yaya Bilki, Landan

Ni ina bayan uwargida. Ka fara shiga shafin ƙaramar hukumarku ka duba ko titinku yana cikin unguwannin da aka keɓe don adana tsohon fasali. Namu yana ciki, kuma an janye mana damar canja tagar gaba ba tare da izini ba. Maƙwabcinmu ya sa na roba bai tambaya ba, aka sa shi ya cire. In gidan kuma yana cikin jerin gine-ginen tarihi, dokar ta fi haka tsanani.

Abin da muka yi, kafinta ya gyara na katakon, ya yanke inda ya ruɓe ya yi ƙari, ya canja igiyoyin, ya sa gashin toshe iska a gefuna. Sannan aka kafa mana wata siririyar taga ta biyu daga ciki, da rata mai faɗi tsakaninta da ta asali. Don ƙara, ratar milimita 100 ko fiye ta fi gilashi biyu na yau da kullum aiki nesa ba kusa ba. Katakon tsofaffin gidajen nan ya haura shekara 100 yana tsaye, kuma yana gyaruwa. Na roba in ya kai 20 zuwa 30 ya fara lalacewa, sai dai a cire a sa wani. Wahalar katako ita ce fenti, duk bayan 'yan shekaru sai an sake, in aka yi sakaci ruwa ya shiga ta gindi.

Sani Mai Tasi, Sheffield

Ni roba na sa, farare, ban yi nadama ba. Ita ce mafi araha, ba fenti, ruwa da sabulu kawai. Abokina ya sa masu launin toka mai duhu a gefen da rana ke duka, da bazara ƙofar tana kumbura ta ƙi rufuwa sai yamma ta yi. Mai son launi mai duhu ya tambaya ko an sa ƙarfe a cikin firam.

Maman Walid, Coventry

Alminiyam muka sa a babbar ƙofar gilashi ta baya, saboda firam ɗinsa siriri ne, haske ya fi shiga, kuma yana ɗaukar nauyin babban gilashi ba ya lanƙwasa. Ya fi roba tsada. A tabbatar mai tsinken roba ne a tsakiya, wanda ya raba ɓangaren waje da na ciki. Gidan hayar da muka taɓa zama tsohon alminiyam ne marar wannan tsinke, da safe firam ɗin har ɗiga yake. Wani abu kuma da ya firgita ni da farko: wasu safiyoyin sabon gilashin yana yin raɓa ta waje. Na kira mai aikin, ya ce alama ce ɗumin ɗaki ba ya kaiwa gilashin waje. Rana na fitowa take bushewa.

Alhaji Babba, Landan da Kano

Na sa tagogi masu gilashi biyu a gidan da na gina a Kano, a ɗakunan da ke da na'urar sanyaya ɗaki. Can buƙatar daban ce, zafin rana ake son tarewa, don haka shafin da ke mayar da zafin rana waje na nema, ba irin na Ingila ba. Ƙarar janareto ta ragu, ƙurar hunturu ma haka. Amma tagar yamma sai da aka yi mata rumfa aka samu sauƙi.

A nan kuwa, ɗana, ka kula da takardu da kuɗi. Tun Afrilun 2002 duk tagar da aka canja a Ingila da Wales sai an samu shaidar ta bi dokar gini. Ko mai aikin ya kasance yana da rajista da FENSA ko Certass, ƙungiyoyin da ke tantance masu sa taga, ya ba ka satifiket, ko ka bi ta ofishin duba gini na ƙaramar hukuma. Ranar da za ka sayar da gida lauyan mai saye zai nema. Canjin gilashi kaɗai irin na Maman Hanifa ba ya buƙatar wannan. Garantin shekara 10 da suke bayarwa, ka tabbatar akwai inshora a bayansa, don girman kamfani ba ya hana shi rushewa. Kamfanin taga na Safestyle ya durƙushe a Oktoban 2023, na Everest a Afrilun 2024. Kafin alƙalami kuma ka biya da katin bashi. Sashe na 75 na dokar bashin masu saye ta 1974 ya ɗora wa kamfanin katin alhaki tare da mai sayarwa, in kayan sun haura fam 100 ba su wuce fam 30,000 ba. Wanda ya zauna a falonka ya ce farashin na yau ne kaɗai, ya kira manaja ya zabge rabi, ka sallame shi cikin mutunci ka nemi wasu.

Malam Injiniya, Leeds

Ƙari kaɗan kan ranar aiki, don na ga taga mai tsada da mugun kafi ya lalata. Ka kasance a gida. In tagar gaba irin wadda ta turo waje daga jikin bango ce, a tsofaffin gidaje wani lokaci firam ɗin katakon ne yake ɗauke da nauyin abin da ke samansa. Dole a tokare kafin a cire, a kuma sa sandunan ƙarfe a kusurwoyi, in ba haka ba bango zai tsage daga baya. Ka duba ratar da ke tsakanin firam da bulo kafin su rufe ta da faifan roba, a cika ta da kumfa, ba a bar rami a lulluɓe ba.

Duk gilashin da ya sauko ƙasa da milimita 800 daga daɓe, da na jikin ƙofa da na gefenta, doka ta ce ya zama mai ƙarfi ko mai leda a tsakani, za ka ga tambarinsa a kusurwa. Ɗakunan kwana na sama kuma a bar taga mai buɗewar da mutum zai iya fita in gobara ta tashi, aƙalla milimita 450 tsawo da faɗi, gindin buɗewar kada ya wuce milimita 1100 daga daɓe. Tunda kana da ƙananan yara, ka ce a sa mata maƙalin da ke hana ta wangalewa, irin wanda babba zai iya saki da hannu ba sai da mabuɗi ba. Kada ka biya cikon kuɗi sai ka buɗe kowace taga ka rufe, ka murɗa makullinta da kanka.