Neman shawara kan wata karya da 'ya'yanta a Garwa

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ni mutumin Katsina ne, shekara 3 ke nan ina zaune a Garwa ta ƙasar Kamaru ina sana'ar hatsi. A watan Maris, lokacin da zafi ke haura digiri 40, wata karya da ba ta da mai ita ta haihu a ƙarƙashin tsohon amalanke a bayan gidan da nake haya, ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta. Na kasa kau da kai, sai na riƙa ajiye mata ruwa a kasko da ragowar tuwo bayan magariba.

Yanzu 'yan kwikwiyon huɗu sun kai wata 3, lokacin da ake fara musu allurar rigakafin ciwon haukan kare, amma uwar ba ta barin kowa ya matso, ko ni da nake ciyar da ita. Maƙwabta suna ƙorafi saboda yara da batun najasa, kuma ban ga laifinsu ba. Abin da ke hana ni barci shi ne tafiyata gida ta matso, ina tsoron a sa musu guba.

Don Allah, ta yaya ake kama irin wannan karya ba tare da ta ciji mutum ba, kuma shin likitan dabbobi yakan zo har gida? Akwai mai lambu ko makiyayi da zai karɓe su don gadi?