Kunnen yayata ya hana mu sukuni, a taimaka

Salam jama'a don Allah shawara nake nema. Yayata ce kunnenta ke kumbura ya yi jawur, ko filo ba ta iya ɗora shi, amma fatar ƙasan kunnen lafiya lau, sai ya lafa kuma ya dawo. An sha ba ta maganin ƙwayoyin cuta a banza, daga baya likita ya ce polikondiraitis ne mai dawowa, wai garkuwar jikinta ce ke cin guringuntsi. Maganin rage kumburi na prednisolone na taimakawa amma da an rage sai ciwon ya taso, ga suga ya hau. Yanzu muryarta ta fara dishewa, hankalina ya tashi tunda maƙogwaro ma guringuntsi ne. Akwai wanda aka ɗora kan methotrexate, maganin da ke danne garkuwar jiki, saboda wannan ciwon? Ya kuka ji da shi?