Tayar da tsohuwar tarakta a safiyar hunturu

Manomin rani, Daberam, Daura: Assalamu alaikum. Tun da muku-mukun nan ya kankama, tsofaffin Massey Ferguson da ake haya a fadama ba sa tashi sai rana ta take. Mai son a yi masa haro ya zo tun asuba, a wuni ana murɗa makulli. Iyayen gidanmu masu sana'ar, a taimaka mana.

Bakanike, Ƙofar Ƙaura, Katsina: Wa alaikumus salam, Malam. Injin gas ba shi da fulogi. Fistin ne ke matse iska har ta yi zafin da gas zai kama da kansa. Ƙarfe in ya kwana cikin sanyi yana shanye wannan zafin, ga ringi ya ci, ga bawul na sakin iska. Kafin ka kwance komai, dubi salansa yayin da ake ba ta kik. Farin hayaƙi mai warin ɗanyen gas: mai na zuwa, zafi ne bai isa ba. In babu hayaƙi sam, mai ne ba ya isowa nozul. Aikinsu daban ne, kada a haɗa.

Mai wayarin, Mashi: Oga, ka bar mini batir, don mafi yawan laifin a can yake. Cikakken batir da ya kwana a huce yakan nuna bolt 12.6 a mita. In ya faɗo ƙasa da 9.6 lokacin kik, ya gaji. Goge farin garin da ke kan sandunansa, ka ɗaure tam, sannan ka bi wayar da ke zuwa jikin inji, nan tsatsa ke ɓuya. Kik kada ya wuce daƙiƙa 15, a huta minti ɗaya. Masu danne makulli har hayaƙi ya fito daga kik su ne ke cika mana shago a watan Janairu.

Tsohon direba, Dutsin-Ma: Ni abin da ke damuna, yara da yawa ba su san Perkins, wato injin da ke cikin Massey Ferguson, na da hita ba. Tana ɗaure a bututun da iska ke shiga inji, da waya ɗaya da siririn bututun gas. Ga yadda ake yi: giya a firi, mayar da sandar kashewa ciki, buɗe totur sosai, taka kuloci don injin ya huta da juya giya, riƙe makulli a wurin hita daƙiƙa 15 zuwa 20, sannan kik. Mai lafiya za ka ji ta yi “fuf” a hankali, bututun ya yi ɗumi a hannu. In bai yi ba, ko wayar ta tsinke ko gas ba ya zuwa mata. Da ta tashi a rage totur, a bar ta kamar minti 5 kafin a ɗora mata garma.

Manomin rani, Daberam: Baba, wasu suna kunna tsumma su kara a bakin iska, wasu kuma su zuba fetur kaɗan a tanki. Ya halatta?

Bakanike, Ƙofar Ƙaura: Don Allah a daina. Tsumman kan kuɓuce injin ya zuƙe shi, ga gas na ɗiga a gefe. Fetur kuwa ba shi da maiƙo, famfon injekta da gas ɗin kansa yake samun santsi, sai ka kashe famfo a banza. Gas da ake cewa yana daskarewa, wannan a ƙasashen ƙanƙara ne. Sanyin Katsina ba ya kai shi nan. Feshin gwangwani na tayar da inji ma, in ya haɗu da hita mai wuta, fashewa yake yi. Abin da ke aiki ba tare da ɓarna ba: juye ruwan lagireto da yamma, da safe a cika da ruwa mai ɗumi sosai, ba tafasasshe ba. Sai dai a rataya alama a sitiyari, kada wani ya tayar da ita babu ruwa.

In kuma babu hayaƙi, yawanci iska ce a layin gas. Sassauta kusar saman filtar gas, ka yi ta danna hannun ƙaramin famfon da ke gefen inji har kumfa ta ƙare, ka ɗaure. Haka kusoshi biyu na jikin famfon injekta samfurin CAV, ta ƙasa tukuna. Daga nan sassauta bututun nozul biyu, ba da kik har gas ya tsarto, amma kada ka kai hannu kusa, yana huda fata. In kullum da safe sai an yi haka, akwai inda iska ke shiga cikin dare, yawanci robar filta.

Tsohon direba, Dutsin-Ma: Ƙari biyu, ɗana. Baƙin mai SAE 40 da asuba kamar zuma yake, a koma 15W-40. Ga ƙurar hazo tana toshe filtar iska, a riƙa kakkaɓe ta kullum. A cika tanki da yamma don kada raɓa ta taru a ciki, a ajiye ta bayan katanga inda iskar arewa maso gabas ba ta dukan inji, a rufa mata buhu.

Mai wayarin, Mashi: Buhun nan a cire shi kafin kik, fanka na kama shi.