Darasin kiɗa na yara a Jos: ajin haɗaka ko malami shi da yaro?

Maman Hanan, Rikkos:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar koyar da kiɗa. Yara biyu nake so in sa a wata makarantar kiɗa da ke wajen Rayfield. Namijin shekararsa 10, kibod yake so. Macen shekararta 6, ita ba ta tsayar da abu ɗaya ba tukuna. Makarantar na da tsari biyu: ajin haɗaka na awa ɗaya ranar Asabar, da darasin malami shi da yaro na minti 30 a mako, wanda ya fi tsada. Wanne ya dace da wa? Me zan tambaya kafin in cike fom in biya kuɗin zango? Kuma dole ne sai na sayi kayan kiɗa tun yanzu? Allah ya saka da alheri.

Malam Ɗanjuma Mai Fiyano:

Wa alaikumus salam Hajiya. Shawarata ku raba su. 'Yar shida ta shiga haɗaka, ɗan goma ya tafi wajen malami shi kaɗai.

Dalili kuwa, abin da yarinya mai shekara 6 take bukata yanzu ba yatsu ba ne, kunne ne da jiki. Ta iya tafa hannu daidai da bugu ba ta riga ba, ba ta makara ba. Ta iya jin sauti ta maimaita shi da murya. Ta bambance mai kauri da siriri. Waɗannan a cikin yara ake koyonsu, domin yaro na ganin na kusa da shi yana yi sai ya bi. Idan aka zaunar da ita gaban malami ita kaɗai minti 30, bayan minti goma sha biyar hankalinta ya koma ƙofa. Zango ɗaya ko biyu a haɗaka, da waƙa da tafi da ƙaramar ganga da sarewar roba da ake ce wa rikoda, sun isa a ga inda take karkata.

Shi kuwa ɗan goma da ya riga ya zaɓi kibod, watanni shida na farko su ne ake kafa hannu. Yatsu a lanƙwashe, wuyan hannu kada ya faɗa ƙasa da maɓallai, kafaɗa a sake, babban yatsa ya taɓa da gefensa. Kujera ma sai an daidaita ta yadda daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu zai miƙe daidai da maɓallai, idan ƙafarsa ba ta kai ƙasa ba a sa masa ɗan benci. Malami ɗaya da yara takwas ba zai lura da wannan a hannun kowa ba. Ku yi lissafi: awa ɗaya a raba wa yara 8, kowa bai kai minti 8 ba, ban da lokacin zama da kunna kaya da tsawatarwa. Hannun da ya kafu a karkace kuwa, gyaransa ya fi koyarwar farko wahala.

Idan aljihu bai ba da dama ba, haɗakar kibod ba laifi ba ce, amma da sharaɗi: yara kada su wuce 4 zuwa 6, kowa da kibod ɗinsa da abin sawa a kunne, kuma a haɗa su bisa matakin da suke. Idan kun leƙa kun ga yara uku sun yi layi a kan kibod guda, ko an cakuɗa sabon shiga da wanda ya shekara, ku ɗauki jakarku.

Kada ku ce minti 30 sun yi kaɗan. Ga mai farawa sun isa. In ya shekara ana iya kai shi minti 45. Abin da ke ɗaga yaro shi ne bitar gida: minti 20 kullum ga babban, minti 10 ga ƙaramar, kwana biyar ko shida a mako. Awa biyu a daren Juma'a don gobe akwai darasi ba ta maye gurbin wannan.

Anti Saratu, Tudun Wada:

Maman Hanan, sannu da ƙoƙari. Malam ya gama da ɓangaren koyarwa, ni zan taɓo abin da ake yi a ofis, don a nan iyaye suka fi yin asara.

Kafin ki biya komai, ki nemi darasin gwaji, ki zauna a ciki. Makarantar da ta san aikinta ba ta ƙin wannan. Ki lura ko malamin yana barin yaro ya taɓa kayan, ko shi ne yake ta kaɗawa yana burge ki. Ki duba ko ya rubuta aikin gida a littafin yaro: shafi kaza, layi kaza, sau nawa. In babu wannan littafin, ba ki da hanyar sanin ko ana ci gaba.

Sannan ki sa a rubuta miki kuɗin dalla-dalla. Kuɗin rajista daban, kuɗin zango daban, littafi daban, wani wurin har da kuɗin bikin ƙarshen zango da riga. Ki tambayi darasi nawa ne a zangon, a faɗa miki adadi, 10 ne ko 12. "Wata uku" ba amsa ba ce, domin hutun Sallah ko na Kirsimeti da Ista na iya cinye Asabar biyu a ciki. Ki karɓi rasit mai sunan makarantar, kuma kada ki tura kuɗi asusun malami.

Babbar tambaya ita ce ramuwa. In yaro ba shi da lafiya, za a rama masa? A darasin mutum ɗaya yawanci ana ramawa idan an sanar da wuri, kamar kwana guda kafin lokaci. A haɗaka kusan ba a ramawa, aji ya wuce ya wuce. In malamin ne bai zo ba fa? In an sa dokar hana fita, wadda mu mutanen Jos mun san tana faɗowa ba sallama, darasin ya tafi ke nan ko za a ɗaga? A rubuta duk wannan a fom. Haka batun wuta: makarantar kibod da ba ta da janareto ko sola, rabin zangon a kan allo za a yi shi.

Ki kuma tambaya ko malami ɗaya ne zai riƙe yaron har ƙarshen zango. Wasu wuraren ɗalibai ne 'yan jami'a ke koyarwa, ba laifi ba ne, akwai gwanaye a cikinsu, amma da jarrabawarsu ta zo sai a kawo wani, kowa da salonsa, yaro ya rikice.

Ɗakin darasin mutum ɗaya dole ƙofarsa ta kasance a buɗe ko mai gilashi, kuma uwa na da damar shiga kowane lokaci. Wannan ba zargi ba ne, ƙa'ida ce, kuma tana kare malamin kansa. Ki ba da sunayen waɗanda kaɗai za su ɗauki yaran, kada a miƙa su ga duk mai keken da ya ce an turo shi.

Abu na ƙarshe, ki tambayi irin waƙoƙin da ake koyarwa. Makarantun kiɗa da yawa a garin nan daga ƙungiyoyin mawaƙan majami'a suka samo asali, don haka waƙoƙin ibada suke fara sa wa yara ba tare da wata manufa ba. Ki faɗi abin da gidanku ya yarda da shi tun ranar farko, littattafan koyon fiyano cike suke da wasu. Lokacin ma ki duba kada ya ci karo da Islamiyya, ga tafiya daga Rikkos zuwa Rayfield.

Baban Tagwaye, mai gyaran kayan kiɗa, Bukuru:

Hajiya, kan sayen kaya: na babban dole ne, domin yaron da ba shi da kibod a gida ba koyo yake ba, ziyara yake kai wa kibod. Amma ba sai mai tsada ba. Sharuɗɗa uku ne. Maɓallai 61 aƙalla, masu cikakken faɗi, ba ƙananan nan na wasan yara ba. Sannan ya zama yana jin nauyin hannu, in an danna a hankali ya yi ƙasa-ƙasa, in an danna da ƙarfi ya ɗaga. A shagon ku danna maɓalli ɗaya sau biyu ku saurara. Misali Yamaha PSR-E373 yana yi, PSR-E273 ba ya yi, alhali a ido kamar ɗaya suke. Na uku, ya zo da adaftarsa ta asali. Irin waɗannan na Yamaha bolt 12 suke ci, kuma adaftar kasuwa da ba ta dace ba, ko wuta mai ƙarfi da aka dawo da ita bagatatan, ita ce ta fi ƙona su. A cire daga soket in an gama. Suna ɗaukar batir AA guda shida, saboda haka rashin wuta ba hujjar fashin bita ba ce. In na hannu za ku saya, ku bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya, fari da baƙi, ku gwada sifika biyun da ramin abin kunne. A rufe shi da zani, ƙurar hunturu na shiga ƙarƙashin maɓallai ta kashe wasu.

Mai maɓallai 88 masu nauyi irin Yamaha P-45 sai nan gaba, in ya yi shekara biyu kun ga da gaske yake.

Ta ƙaramar kuwa rikoda kawai, tata ta kanta, ba a karɓa-karɓa da abin baki. Ku tambayi malamin wace iri, don iri biyu ne, kuma yatsunsu sun bambanta a wasu sautuka. Na Yamaha akwai harafin B ko G a bayansu. In duk ajin B suke riƙe da shi ita ta zo da G, za a yi ta ce mata ta yi kuskure alhali ba laifinta ba ne. A wanke da ruwa mai ɗumi-ɗumi, ba mai zafi ba.

In daga baya ta ce goge na Turawa take so, wato bayolin, kada ku sayi babba don "za ta girma da shi". Girma-girma ne: 1/8, 1/4, 1/2, 3/4, sai cikakke. A ɗora mata a kafaɗa ta miƙe hannun hagu, in kan gogen ya tsaya tsakanin wuyan hannu da tsakiyar tafinta ya yi, in ya wuce ya yi mata yawa. Jita kuma a nemi rabin girma mai tsirkiyar roba, ta ƙarfe tana yanka yatsun yara. Kuma ku sani iskar Jos daga Disamba zuwa Fabrairu makashin katako ce. Yana bushewa, gam ya saki, fuska ta tsage, turakun ɗaure tsirkiya su riƙa sulluɓewa. A ajiye cikin akwatinsa, a sa ɗan soso mai laima cikin robar da aka huhhuda, yadda ruwa ba zai taɓa katakon ba. Kada a bar shi cikin mota ko kusa da hita da kaskon gawayi.

Maman Hanan, Rikkos:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Sun kuma yi min maganar jarrabawa mai satifiket daga Ingila. In sa shi tun wannan zangon?

Malam Ɗanjuma Mai Fiyano:

A'a Hajiya, da sauran lokaci. Mai yiwuwa ABRSM suke nufi ko Trinity College London, hukumomin jarrabawar kiɗa ne na Ingila. Akwai kuma ta gida, ta MUSON, ƙungiyar kiɗa ta Najeriya da ke Onikan a Legas, wadda aka kafa a 1983. A ABRSM matakai 8 ne, da wani na share fage kafin na 1. Jarrabawar gaba da gaba maki 150 ce: kiɗa uku kowanne maki 30, hawa da saukar sautuka 21, kaɗa abin da yaro bai taɓa gani ba daga takarda 21, gwajin kunne 18. Da 100 ake ci, 120 yabo, 130 zarra. Tun 2020 akwai wadda ake ɗauka a bidiyo, kiɗa huɗu a jere ba yankewa, a tura ta intanet, amma fiyanon sai mai maɓallai masu nauyi, don haka a makaranta za a ɗauka. Kafin mataki na 6 kuma sai an ci mataki na 5 na ilimin rubutun kiɗa ko makamancinsa.

Yaron da ya fara daga tushe yakan ɗauki shekara ɗaya zuwa biyu kafin ya isa mataki na 1. Wanda ya ce zai kai shi cikin wata uku, haddar kiɗa uku zai ɗora masa, ya fito bai iya karanta layi ɗaya ba. Wannan ne ma ya sa zan ce ku tabbatar ana koya masa karatun noti a kan layuka biyar, ba do-re-mi kaɗai ba. Do-re-mi na gyara kunne sosai, amma jarrabawa da littattafai da noti suke tafiya. In lokaci ya yi, ku ga shaidar rajista da sunan yaron daga hukumar kanta kafin ku cika kuɗi.

Kawu Bala, Gangare:

Ni ina da ɗan saɓani da Malam kan babban. Kada a killace shi da malami kaɗai har abada. Yaron da bai taɓa kiɗa da wasu ba, in ya yi kuskure tsayawa yake ya koma farko, kuma bugunsa na gudu a wuri mai sauƙi ya ja ƙafa a wuri mai wuya, shi bai sani ba. Cikin 'yan'uwansa ne yake koyon ci gaba ko ya yi tuntuɓe. Bayan zango biyu, ki nemi a riƙa sa shi cikin haɗaka ko sau ɗaya a wata, ko malamin ya haɗa shi da wani yaro su kaɗa fiyano ɗaya da hannu huɗu. Ki tambaya ma ko akwai rangwamen 'yan gida ɗaya, makarantu da dama na yi amma sai an tambaya.

Kuma ki bincika ko suna da mai koyar da kayanmu. Kalangu, sarewa, garaya, da kuntigi da marigayi Ɗan Maraya Jos ya yi suna da shi, ba kasafai ake samunsu a jadawalin irin waɗannan makarantu ba. Idan iyaye biyar ko shida suka haɗu suka nema, makaranta na iya ɗauko makaɗi ya riƙa zuwa ranar Asabar. Ga 'yar shida, ganga ce ta fi saurin zaunar da bugu a jiki, sai dai a nemo ƙarama daidai hannunta, a kuma sa ajin a fili ko ɗaki mai faɗi saboda kunnuwan yara.