Bahaushe da Coci? Musayar Waƙa

Ɗan Wusasa: Na buɗe fage. Ƙwar huɗu, babban amsa-amo "ya". Tambayar da ake yi wa yaranmu ce.

Sun tsai da yaro a bakin gari,
Suka ce Hausarka tana da kari,
Ga Lahadi kuma kana ta shiri,
Bahaushe da coci? Ina gaskiya?

Ranar Fentikos kowa da harshensa
Ya ji bishara ta shiga kunnensa,
Ba wanda aka ce ya yar da sunansa,
Ayyukan Manzanni 2, takwas ce aya.

In sun ce baƙo ne, nuna Wusasa,
Cocin Bartholomew da aka yi da ƙasa,
Ginin Hausa ne daga tushe har bisa,
Tun 1929 yake gefen Zariya.

Ɗan Maraɗi:

Ɗan Zazzau kullum Wusasa, Wusasa,
Kamar Almasihu can ya sauka ƙasa,
Asibitin mishan na Galmi ka manta batunsa,
Tun 1950 yake karɓar masu jinya.

Kuma yaron ba gini ya tambaye ka ba,
Shekarar coci ba ta share hawaye ba,
In an hana shi gurbi, ba laifinsa ba,
"Don me sai ni?" ita ce tambaya.

Gwaggon Zumunta: Yarana, ku matsa gefe. Ɗaya na nuna bango, ɗaya na nuna asibiti, mai kukan yana zaune ba wanda ya je wurinsa. Matan Zumuntar coci, ga yadda ake zuwa:

Abokan Ayuba sun fara da aiki,
Kwana bakwai a ƙasa, ba buɗe baki,
Ran da suka ce akwai zunubi a ciki,
Ran nan suka ɓata, suka bar hanya.

In za ki gidan da aka yi rashi,
Dama kunu da zafinsa, ki miƙa shi,
Romawa 8:28 kar ki fara da shi,
Ranar farko kunne ake kaiwa, ba aya.

In ya buɗe baki, ki buɗe Zabura,
Ta 13, aya shida ce duk sura,
"Har yaushe?" sau huɗu Dawuda ya jera,
Kuka gaban Allah ba ya zama kunya.

Ɗan Maraɗi: Gwaggo ta gama magana! Ɗan Wusasa, kwashe tubalinka.

Mai Ganga: Gwaggo ai da kai ma take, ɗan'uwa. Ta ce ku matsa, ba ta ce ya matsa ba.

Alƙalin Kari:

Ku dakata da tafi, a kawo sikeli,
Ɗan Maraɗi ya jera "ba" uku a fili,
Kalmar korewa ce, ba amon asali,
Ko ɗan firamare zai yi shi ba wuya.

Kai kuma Ɗan Wusasa, ɗangonka na farko gaɓa 10 ne, ya zauna daidai. Ɗangon 1929 fa? A rubuce gajere ne, amma rera shi ka ji: dubu ɗaya da ɗari tara da ashirin da tara, gaɓa 16 shekarar kaɗai, numfashi ya ƙare ba a kai Zariya ba. Shekara da lambar aya a fitar da su ƙasan baiti. Gwaggo, ki gafarce ni, Romawa 8:28 ɗinki ma ta yi ɗingishi.

Gwaggon Zumunta: Ta yi ɗingishi amma ta isa gidan makokin, ɗana.

Ɗan Maraɗi:

Ga Alƙali da mudun auna gaɓa,
Ciwon mutane bai ko taɓa,
Shi da Bildad halinsu bai saɓa,
Karanta Ayuba 42:7, ka ga ƙarshen tafiya.

Alƙalin Kari: Ni ne Bildad, abokin Ayuba mai zargi? To kasa kunne. Kuma ka yar da "ba" a ɗango na biyu da na uku don amo ya fita, na gani. Littafin Makoki kuka ne a kan rushewar Urushalima, amma an jera shi bisa haruffan Ibrananci 22. Sura 1 da 2 da 4 aya 22 kowace, sura 3 aya 66, kowane harafi ya ɗauki aya uku. Zabura 119 kashi 22 ce, kowane kashi aya 8, jimla 176. Wanda birninsa ya ƙone bai raina ƙidaya ba, sai kai?

Mai makoki ya yi kuka da tsari,
Harafi bayan harafi, ya riƙe kari,
Ruwa in ba magudana sai ya ci gari,
Haka kuka yake in ya cika zuciya.

Mai Ganga: Alƙali 1, Maraɗi 0.

Ɗan Maraɗi: Mai Ganga, wanda ya saya maka fatar gangar mun san shi.

Mai Ganga: Ka yi baiti marar "ba" tukuna.

Malamin Lahadi: Na makara kwana biyu, na tarar kun bar yaron a bakin gari kuna ƙirga gaɓa. Ɗan Maraɗi ya yi tambaya, ba a amsa masa ba.

Almajirai sun ga makaho tun haihuwa,
Suka ce laifin wa, shi ko uba da uwa?
Yesu ya ce ba shi ba, ba su ba kuwa,
Yohanna 9, ku fara daga aya ɗaya.

Bulus sau uku ya roƙa a ɗauke masa,
Ƙaya ta zauna daram a jikinsa,
"Alherina ya ishe ka" ce amsarsa,
Ya ci gaba da aiki yana ɗauke da ƙaya.

Maganar Bulus tana 2 Korantiyawa 12, aya 7 zuwa 9, na fitar da lambar ƙasa don Alƙali ya yi barci. Inda masu ziyara ke ɓatawa shi ne su ce wa majinyaci bangaskiyarsa ce ta yi kaɗan. An ɗora masa kaya biyu ke nan, ciwo da zargin kai. Daga nan wani ya daina shan magani don ya nuna yana da bangaskiya, wani ya daina zuwa sujada don kunya. A yi masa addu'a, a raka shi asibiti, a koma duba shi a mako na uku, lokacin da masu gaisuwa suka watse. In ya kai ga ba ya son jin "komai zai yi daidai", akwai Zabura 88. Da duhu ta ƙare, kuma ba a cire ta daga Littafi ba.

Gwaggon Zumunta: Mako na uku ɗin nan, Malam, shi ne maganar. A rubuta sunan wadda za ta je, in ba haka ba kowa zai ce wata ta je.

Ɗan Wusasa: Na yarda bango ba ya share hawaye. Amma yaron da aka ce masa babu irinsa, a gaya masa tun 1932 Littafi Mai Tsarki ke nan cikakke da Hausa, a kuma kira masa sunayen Kiristocin Arewa da suka riga shi.

Kafin yaron nan akwai na farko,
Arewa ta fara likita da Dikko,
Ishaya Audu ya yi wa jami'a riƙo,
Ta Ahmadu Bello, a birnin Zariya.

Shugabancin Ishaya Audu daga 1966 zuwa 1975 ne. Alƙali, ka ga na yi ladabi.

Ɗan Maraɗi: Dikko Bafulatani ne fa! Ka zo kare Bahaushe, ka aro shaida a ruga.

Mai Ganga: To sai me? Da wane harshe ake sujada a Wusasa?

Alƙalin Kari: Ku bar Dikko ya huta. Farko, Dikko, riƙo: "ko" da "ƙo" ba amo ɗaya ba ne, ƙugiyar ba ado ba ce. Kuma Zariya sau biyu ke nan a babban amsa-amo. Ɗan Maraɗi, har yanzu muna jiran baitinka.