Me ya sa matasa ba sa iya barci da wuri?

Uwar Yara: Assalamu alaikum. Yaro ɗan shekara 15 idonsa biyu har sha biyun dare, da asuba kuma sai an yi ta fama kafin ya tashi. Lalaci ne ko akwai dalili a jiki?

Ma'aikaciyar Jinya: Wa alaikumus salam, Hajiya. Akwai dalili. Da balaga, sinadarin melatonin da ke kawo barci yakan jinkirta fitowa da kusan awa biyu. Ga shi matashi na bukatar awa 8 zuwa 10. Hasken waya da dare yana ƙara jinkirin. A karɓi wayar awa ɗaya kafin kwanciya, a yi cajinta a falo. Shayi da lemon kwalba masu kafeyin, sinadarin da ke hana barci, a bar su tun la'asar. A riƙa janyo lokacin kwanciya da minti 15 duk bayan kwana biyu, kada a yi tsalle ɗaya.

Malamin Sakandare: Ƙari a kan wannan: sashen gaban ƙwaƙwalwa, wanda ke bayan goshi kuma ke taka wa mutum birki, ba ya gama bunƙasa sai wajen shekara 25. Sashen neman daɗi ya riga shi. Rashin barci sai ya ƙara raunana birkin, shi ya sa faɗa da ihu da safe ba sa haifar da komai sai gardama.

Ma'aikaciyar Jinya: Haka ne, Malam. Kuma ranar Asabar kada ramuwar barci ta wuce awa biyu, domin hasken rana na safe shi ke saita agogon jiki.