Ɗan kwangila ya ƙara mini kuɗi bayan mun gama magana

Mai neman shawara: Assalamu alaikum. Ina da fili a unguwar Yelwa, nan Garwa a Kamaru, wanda na gada daga mahaifinmu bayan rabon da ya ɗauke mu shekara uku, domin yayyena biyu sun so a sayar, ni kuma na ƙi saboda mahaifiyarmu ta ce a nan take son ta ƙarasa kwanakinta. Na ba wani ɗan kwangila, ɗan uwan matata, aikin ɗaki uku da falo har zuwa rufin kwano, a kan sefa miliyan 6. Na riga na ba shi miliyan 5, gini yana tsaye a linta, yanzu ya ce sai na ƙara miliyan 2 da rabi saboda siminti da rodi sun yi tsada. Ya kwashe maginansa, ya bar mini yashi a ƙofar gida. Me doka ta ba ni?

Tsohon magatakardan kotu: Wa alaikumus salam. Malam, maganar tana kan takarda. Sashe na 1793 na kundin dokar farar hula da kotunanmu suke aiki da shi ya ce idan an yi jinga a kan kuɗi dunƙule da tsarin gini da aka amince, ɗan kwangila ba shi da ikon neman ƙari da hujjar tsadar kaya ko ta leburori, kuma duk wani sauyi sai mai gida ya yarda a rubuce. Ka ɗauki wisiye, wato jami'in shari'a mai rubuta abin da ya gani da kai takardun kotu, ya je ya rubuta inda aiki ya tsaya, sannan ya kai masa takardar gargaɗi. In ya ƙi, tunda kuɗin bai haura miliyan 10 ba, kotun matakin farko ce take da hurumi.

Hajiya mai shago: Ɗan'uwa, ka kai shi jandarma kawai. Nawa maginin ya karɓi kuɗin buhu 100, ya kawo 60, sauran kuma na gan su a ginin surukarsa. Har yau bangon kicin ɗina yana zubar da ƙasa, kuma garin Figil da ake yin simintin ba nisa ne da mu ba, balle a ce kuɗin mota ne.

Tsohon magatakardan kotu: Hajiya, naki cin amana ne, wanda sashe na 318 na dokar laifuka ya hukunta. Nasa saɓani ne a kan yarjejeniya, kuma jandarma ba sa yanke irin wannan.

Wani dattijo: Ɗana, surukinka ne. Ka kai maganar gaban lawanin unguwa, a kira dattawan ɓangaren matarka, a raba asarar. Kotu za ta ci maka kuɗin kwano, zumunci kuma ya lalace.

Mai neman shawara: Baba, na gode, amma ni ban ga asarar da zan raba ba. Takardar ƙiyasi tana hannuna, sai dai ba mu sa hannu ba, domin a tsakaninmu neman sa hannu kamar zargi ne. Gaskiya ne na ce ya ƙara banɗaki ɗaya daga baya, amma banɗaki ba ya cin miliyan 2 da rabi.

Tsohon magatakardan kotu: Da wannan ya kamata ka fara, Malam. Takardar da babu sa hannu ta raunana hujjarka, banɗakin kuma ya ba shi ƙofa. Kana da rasit na miliyan 5 ɗin?

Mai neman shawara: Miliyan 2 ta Orange Money na tura, saura hannu da hannu, a gaban matata. Ita kuma ta ce ba za ta yi shaida a kan ɗan uwanta ba. Damina ta kusa, kuma rodin yana waje.